Karen Garke: Jawabi A Taron Ƙungiyar Ƴan Bune

Iyayenmu dattawa, yayyenmu da ƙannenmu na gida, da waɗanda wannan takarda za ta iske a Damagaram, Nguru, Kano ko Libiya, muna gaishe ku baki ɗaya.

Maganar da muka kawo yau ta kare ce. Mun san wasu za su yi murmushi, amma a yi haƙuri a saurara, domin maganar kare maganar awaki ce, awaki kuwa su ne asusunmu. Tun fari na 1973 da na 1984 da suka cinye shanu, gidaje da yawa a ƙasar Gure sun dogara ga ƙananan bisashe. Ɗan cin rani ya aiko kuɗi a saya masa akuya, ya dawo ya iske dila ya ɗauke ƴaƴan. Samari suna tafiya, yara suna lakwal, garke ya rage a hannun tsoho ko ƙaramin yaro. To, wa zai yi tsaro?

Da farko mu cire shakka ta wajen addini. Malamanmu da ke karantar da Risala sun san ta hana ajiye kare a gida haka kawai, amma ta yarda da shi don gona, don farautar neman abinci, da kuma don bisashen da yake bi daji ya dawo tare da su. Ke nan karen garke halal ne, muddin garke yake bi.

Na biyu, mu san aikin da muke nema. A ƙasar Birtaniya akwai karnukan da ke kora tumaki da fito, har gasa ake yi musu tun 1873. Namu aikinsa daban ne: ya zauna cikin bisashe, ya yi haushi in ya ji dila, kura ko ɓarawo. Fulani da Buzaye sun daɗe da sanin wannan, mu ma sai mu koya.

Ga yadda horon yake tafiya. Ana ɗauko kwikwiyo yana da kamar wata 2, a kwantar da shi cikin ƴan awaki, kada yara su mai da shi abin wasa. Wanda ya tashi da warin awaki, su ne danginsa. Daga wata 3 sai a fara koya masa kalma huɗu: zo, tsaya, bari, koma. Mutum ɗaya ne zai riƙa faɗa, da murya iri ɗaya, kaɗan-kaɗan safe da marece. In ya bi, a ba shi ɗan ƙanzo nan take. In aka jinkirta, ba zai gane abin da aka saka masa ba. Wajen wata 6 ƙuruciya kan motsa, ya fara bin ƴan awaki da gudu yana cizon kunnuwansu. A nan ne mutane da yawa ke fid da rai. A tsawata masa da "bari", a ɗaure shi ɗan lokaci kusa da turke, sannan a sake shi. Duka ba ya horar da kare, sai dai ya mai da shi matsoraci ko mugu. Kafin a amince masa sosai sai ya wuce shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abincinsa kuwa a kai masa can wurin garke: dusa, ƙanzo, ɗan nono, da ruwa cikin kaskonsa na kansa. Kare mai yunwa zai bar awaki ya tafi mahauta ko bola. Kada kuma a cuna shi ga baƙo ko ga bisar maƙwabci a bakin rijiya, don daga nan rigima ke tashi har gaban mai gari.

Saura babbar magana, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ta fi ɗauka. In alamunta suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai allura tun 1885, lokacin da Luwi Pastar ya fara yin ta a Faransa. A kai kare wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafi tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan ya faɗa. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi likita a ranar, kada a jira a gani.

Roƙonmu biyu ne. Ƴan'uwa na waje, in kun aiko kuɗin akuya, ku haɗa da na allura da dusar mai tsaronta. Iyayenmu kuma, ku taya mu hana yara jifar karnuka; mu ma muna faɗa musu a aji. Allah ya sa albarka a garkunanmu, ya maido matafiyanmu lafiya. Wassalam.