Dariya da Bindiga: Kyau da Aibin Wani Fim na Ingila

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Bakori a lokacin hutu)



An nemi mu yi magana a kan wani fim na Ingila mai suna Lock, Stock and Two Smoking Barrels, wanda ya fito a 1998, kuma har yanzu yana yawo a wayoyin samari daga Bakori zuwa Funtuwa da Malumfashi. Wani zai ce ina ruwan ɗan manomin masara da auduga da labarin 'yan iskan birnin Landan? Amsarmu ita ce, fim ɗin wasan ban dariya ne a kan ɓarayi da masu bindiga, mu kuwa mutanen kudancin Katsina mun san bindiga sanin da bai kamata a ce mun yi mata ba. Saboda haka muna da hakkin mu auna shi da ma'auninmu, mu faɗi inda ya yi kyau, mu kuma faɗi inda ya gaza.

Bari mu fara da labarin, domin waɗanda ba su gani ba. Sunan fim ɗin ya samo asali daga wani salon maganar Turawa da ke lissafa sassan bindiga uku, ma'anarsa kuwa kaf, ba a bar kome ba. Guy Ritchie ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Wasu abokai huɗu, Eddy da Tom da Soap da Bacon, suka haɗa fam 25,000 kowannensu, ya zama fam 100,000, suka damƙa wa Eddy don ya shiga cacar karta da wani ƙasurgumin ɗan ta'adda da ake kira Hatchet Harry. Ashe an shirya maguɗi tun kafin a zauna. Eddy ya tashi da bashin fam 500,000, aka ba su mako guda su biya, in ba haka ba a fara yanke musu yatsu, a kuma ƙwace mashayar uban Eddy. Suna cikin wannan hali sai suka jiyo maƙwabtansu, wasu 'yan fashi, suna shirin afka wa masu noman tabar wiwi. Sai suka yanke shawarar su bari a yi fashin, sannan su yi wa 'yan fashin fashi. Don wannan aiki Tom ya sayo wasu tsofaffin bindigogi biyu a kan fam 700, bai san cewa na sata ba ne, kuma Harry da kansa ne ya sa aka sato su. Daga nan ƙungiyoyin miyagu suka yi ta karo da juna cikin rashin sani, har kusan dukansu suka hallaka.

To, ina kyawunsa? Na farko shi ne saƙar labari. Akwai ƙungiyoyi biyar ko shida, kowace tana bin nata buri, babu wadda ta san abin da ɗaya take ciki, sai mai kallo kaɗai ya san kome. Jakar kuɗi da bindigogin nan biyu suna ta sauya hannu, kowa ya riƙe su sai masifa ta biyo shi. Babu zaren da aka sake ba a ɗaure ba. Duk wanda yake sha'awar rubuta wasan kwaikwayo a cikinmu ya kamata ya zauna da takarda da alƙalami ya bi yadda aka jera al'amuran nan, domin darasi ne babba. Kuɗin da aka kashe wajen yin fim ɗin bai kai fam miliyan 1 ba, amma ya samo fiye da dala miliyan 28. Wannan ya nuna cewa tsari ya fi tarin kuɗi, abin da masu shirya finafinanmu na Kano za su amfana da shi.

Na biyu shi ne zaɓen 'yan wasa. Jason Statham, wanda ya zama tauraron duniya daga baya, ya taɓa yin tallar kaya a bakin titi, kuma da irin wannan talla aka buɗe fim ɗin. Vinnie Jones, wanda ya fito a matsayin Big Chris mai karɓo bashi, tsohon ɗan ƙwallon Wimbledon ne da ya yi suna wajen keta a fili. Lenny McLean, yaron Harry na hannun dama, ɗan damben hannu tsirara ne na gaske, ya rasu a 1998 kafin fim ɗin ya fito. Mutanen nan ba su sha wahalar kwaikwayo ba, domin sun san unguwannin da ake magana a kai.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi duka, shi ne fim ɗin ya tuɓe wa mugu rawaninsa. Ɓarayin ciki ba jarumai ba ne, wawaye ne masu kwaɗayi, masu tsoro, masu rikita saƙo. Wanda ya gina ramin mugunta shi ya fara faɗawa. A ƙarshe ma abokan nan huɗu sun rasa kuɗin, suka aiki Tom ya jefa bindigogin a kogi don ɓatar da shaida, sai bayan ya tafi suka gano cewa darajarsu ta kai fam 250,000 ko fiye. Aka rufe fim ɗin Tom yana reto a jikin gada, waya tana ƙara a bakinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ke nan a aikace. Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tashi muna dariyar Gizo da ƙoshin wayonsa, mun karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna ƙulle-ƙulle a cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mugu ya fi tsoron a yi masa dariya a kan a zage shi, domin da kwarjini yake cin abinci.

Yanzu sai aibi. Ba za mu tsaya a kan ƙananan abubuwa ba, ko da yake suna nan: ashar ta yi yawa, Turancin gabashin Landan yana da wuyar ji har an sa rubutu a ƙasan hoto a wani wuri don Turawan kansu su fahimta, mata kuwa kusan babu su, 'yan kaɗan da aka nuna ba a ba su bakin magana ba. Babban aibin shi ne, a duniyar fim ɗin babu wanda ake zalunta. Ɓarawo yana satar ɓarawo, mugu yana kashe mugu, gawa ta cika ɗaki, amma ba mu ga uwa tana kuka ba, ba mu ga maraya ba, ba mu ga jana'iza ba. An wanke ta'addanci tas, an ɗora masa kiɗa mai daɗi da tufafi masu kyau, har mai kallo ya manta cewa mutum ne ya mutu.

Muna roƙon yayyenmu ma'aikata su lura da wani mutum guda. A cikin fim ɗin akwai wani ƙaramin ma'aikacin hukuma mai kula da ajiye motoci a titi. Yana cikin 'yan tsirarun da suka fito suna neman halaliyarsu. Me aka yi masa? An buge shi, an jefa shi a bayan mota, ya sha duka fiye da sau ɗaya, kuma an shirya wurin ne don mu yi dariya. Daga baya shaidarsa ce ta wanke samarin daga hannun 'yan sanda, amma babu wanda ya waiwaye shi. Shi kuwa Big Chris, wanda ya fasa kan mutum da ƙofar mota, an nuna shi uba nagari mai hana ɗansa zagi, kuma shi ya tafi da kuɗin. Yaron da ya kalli wannan, wa zai so ya zama, ma'aikacin ko mai karɓo bashin?

Kada a ce ai haka irin waɗannan finafinai suke tilas. A Ingilar nan dai, a 1955, an yi The Ladykillers, inda Alec Guinness ya jagoranci ƙungiyar ɓarayi biyar suka kama haya a gidan wata tsohuwa da sunan su makaɗa ne. Da ta gano su, suka shirya kashe ta, amma suka ƙare da kashe juna, tsohuwa ta tsira. Can ma an yi dariya, an kuma mutu, sai dai mutumin kirki ne a tsakiyar labarin. Kuma Landan ta san ta'addanci na gaske: tagwayen nan Ronnie da Reggie Kray sun addabi gabashin birnin har aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 1969 saboda kisan kai. Ritchie ya ɗauki kwalliyar irin waɗannan mutane ya bar hawayen da suka jawo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyarmu. A watan Fabrairu 2023, bayan an kore shanu a ƙasar Bakori, 'yan sa-kai suka bi sawu zuwa dajin 'Yargoje, aka yi musu kwanton ɓauna, 'yan sanda suka ce mutum 41 aka kashe. Kowannensu yana da gida, yana da gona, yana da masu jiran dawowarsa. Mun san gonakin da aka bari ba a nome ba, mun san iyalan da suka sayar da hatsin shekara don biyan kuɗin fansa. Waɗannan su ne mutanen da fim irin na Ritchie ba ya nunawa, mu kuwa ba mu da ikon mu manta da su.

Shin sai a hana kallo? A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa. Mun fahimci damuwar da ta jawo haka, amma doka a Kano ba ta isa ta hana fim ɗin Landan shiga wayar yaro a Bakori ba. Kuma in marubutanmu suka yi shiru a kan ɗan bindiga, shi zai ci gaba da ba da labarin kansa, yana nuna kuɗi da makamai a intanet. Ƙasar da ta san waƙoƙin Gambo mai waƙar ɓarayi ta san yadda kirari yake kumbura kan ɓarawo.

Shawararmu guda biyu ce. Ta farko ga masu kallo: in za mu kalli irin wannan fim tare da ƙannenmu, mu tambaye su bayan an gama, wa aka yi wa dariya, kuma wa ya biya kuɗin dariyar? Ta biyu ga masu alƙalami a cikinmu: mu ari saƙar Ritchie, mu bar masa makantarsa. Muna bukatar wasan da zai nuna ɗan fashin daji yadda yake, jahili, matsoraci, mai cin amanar abokinsa a kan rabon kuɗi, har yaro ya ji kunyar a kwatanta shi da shi. Amma a cikin wasan nan a bar wa manomi da matar da aka kashe wa miji da ƙaramin ma'aikaci wurinsu, da sunansu da muryarsu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya nuna cewa Bahaushe zai saurari magana mai ɗaci in an haɗa ta da raha. Abin da ya rage shi ne a sami masu ilmi da za su zauna su tsara.

 Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sa mu ga damina mai albarka.