Tukunyar Mai Ciki da Teburin Mai Shayi

Yau maganarmu a kan abinci take, abincin mace mai juna biyu da na mai jego. Amma kada maza su tashi su ce zancen mata ne. Kai maigida, zauna tukuna, gama rabin maganar taka ce, watakila ma fiye da rabi.

Bari mu duba yadda yini ɗaya yake wucewa a gidaje da yawa, ko a Maraɗi, ko a Tasawa, ko a Damagaram. Da sassafe maigida ya fita. Ya tsaya wurin mai shayi, aka fasa masa ƙwai biyu, aka yanka masa burodi, ya kora da shayi mai madara. Da rana ya sami shinkafa da wake a bakin tasha. Da dare, kafin ya koma gida, ya ratsa wurin mai tsire tare da abokansa. Ba wanda ya ce ya yi sata. Guminsa ne ya ci. To, matarsa fa, wadda cikinta ya kai wata bakwai? Ta tashi ta ɗumama tuwon jiya ta raba wa yara. Ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta yi daka, ta dama fura. Da maraice ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba wa maigida nasa cikin kwano mafi kyau. In akwai tsoka ɗaya cikin miyar, can za ta tafi. Ta zuba na yara. Abin da ya saura a gindin tukunya shi ne nata. A gidan nan duka ita kaɗai ce take ci domin mutum biyu, ita ce kuwa ta ƙarshen ci.

Ɗan da yake cikin nan ba shi da kasuwa, ba shi da mai shayi. Ƙashinsa da jininsa da ƙwaƙwalwarsa, daga abin da uwarsa ta haɗiye ake gina su duka. In abin bai isa ba, jikin uwa ne yake biya. Likitoci sun auna sun ga jinin mace yakan ƙaru da wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin ta haihu. Jini kuwa ba ya samuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda ake samu cikin nama da kifi da wake da ganyaye. Sa'anda ya kasa, sai ka ga tafin hannunta ya yi fari, cikin idonta ya yi fari, tana haki daga rijiya zuwa ƙofar gida, jiri yana ɗibarta. Mutane su ce lalaci ne, ko laulayi. Ranar haihuwa ita ce ranar hisabi: jinin da mace mai ƙarfi za ta zubar ta tashi, shi ne wannan za ta zubar ta kasa tashi.

Abin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa ba shi da wuya a riƙe. Mai ciki ta ƙara ci sau ɗaya a yini bisa abin da ta saba. Mai shayarwa ta ƙara sau biyu. Kada kuwa ƙarin ya zama tuwo bisa tuwo. Gero abinci ne mai kyau, ya ma fi farar shinkafa ƙarfe, amma shi kaɗai ba ya isa. A haɗa shi da wake, ko gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko awara, ko busasshen kifi da aka daka cikin miya. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, ganyen wake, waɗansunsu a bayan ɗakinki suke. Ga kuma wata dabara da ba kowa ya sani ba: ɗan lemun tsami, ko tumatir, ko gwaiba, in an ci su tare da abinci, sukan taimaki jiki ya ɗauki ƙarfen da yake cikin wake da ganye. Shayi kuwa hana shi yake yi. Ke mai son shayi, ki bar sa'a ɗaya ko biyu tsakaninsa da abincinki. Gyaɗar da ta yi funfuna, ko ta yi ɗaci, a zubar da ita, gama tana ɗauke da dafin da yake ɓata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi.

Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, ki sha ta kowace rana. Takan sa bayan gida ya yi baƙi. Wannan ba ciwo ba ne, kada ki jefar da ita saboda shi. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. A da sau 4 ake cewa. Maigida, kuɗin motar zuwa awo yana wuyanka.

Yanzu ina da magana da iyayenmu mata, kakanni da surukai, da ladabi nake yinta. Kun haifa, kun yi reno, kun san abin da mu ba mu sani ba. Amma akwai hani biyu da ya kamata a sake dubawa. Na fari, hana mai ciki ƙwai. Ƙwai dafaffe yana cikin abinci mafi amfani da talaka zai iya samu, kazar gida ce take bayarwa kyauta. Ba ya mai da yaro ɓarawo, yunwa ta fi shi kusa da yin haka. Na biyu, rage wa mace abinci wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Tsoron gaskiya ne, gama kun ga mata sun sha wuya a kan gwiwa. Amma jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, shi ne ya fi shiga hatsari cikin watansa na fari, uwar da aka rage wa abinci kuwa da wane ƙarfi za ta yi naƙuda? Maganin doguwar naƙuda shi ne a kai ta gidan likita da wuri. Game da zaƙi kuwa, kun yi gaskiya a rabi: lemun kwalba da sukari mai yawa ba su ƙara mata kome sai ƙiba. Amma wannan bai sa a ɗura mata jiƙe-jiƙe masu ɗaci waɗanda ba wanda ya san ƙarfinsu ba.

Mu komo kan abincin waje. Ba zan ce kada mai ciki ta ci shi ba. Mace takan yi tafiya, takan je kasuwa ko biki, takan aiki yaro ya sayo mata ƙosai. Cikin wata uku na fari ma, sa'anda warin daddawa kaɗai yake tayar mata da zuciya, wani lokaci abincin wata ne kaɗai yake zama a cikinta. Masu sayar da abinci kuwa 'yan'uwanmu ne, da yawansu sun fi mu tsabta. Sai dai ciki yakan rage wa jiki ƙarfin tsare kansa, abin da zai ba maigida zawon kwana ɗaya yana iya zubar da ciki. Domin haka ki zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gabanki, yana turiri. Ƙosai daga cikin mai, waina daga tanda, sun fi shinkafar da ta yini cikin roba tun hantsi. Dafaffen abinci da ya wuce sa'a 2 a ajiye cikin zafinmu, sai an mai da shi wuta ya yi zafi har ciki. Tsire da balangu, a tsaga a duba. In cikin da sauran ja, a mayar bisa garwashi, gama ɗanyen nama yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan da ba a haifa ba. Nono na fura, ki tambaya ko an dafa madarar kafin ta yi tsami. Latas da kabeji da kwaɗon da ba ki san ruwan da aka wanke su da shi ba, ki haƙura sai kin koma gida.

Ruwan ma shi ne babba. A shekarar 2017 wani ciwon shawara, wanda likitoci suke kira ciwon hanta na E, ya ɓarke a jihar Diffa. Ta gurɓataccen ruwa yake yaɗuwa. Namiji yakan kamu ya warke, amma cikin waɗanda suka mutu a makonnin fari, kusan dukansu mata ne masu ciki. Ka ji fa. Randa ɗaya, ruwa ɗaya, miji ya tashi, mata ta tafi. Zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙarar da ake ƙullawa cikin leda, duka ruwa ne ya sake riga. In za ki yini waje, tafasa naki ki zuba cikin gora ki riƙe.

Farar ƙasa da waɗansu mata suke kwaɗayi, ba abin kunya ba ne, amma sau da yawa alama ce jini ya yi ƙasa. Ki faɗa wurin awo maimakon ki ɓoye ta cikin zane.

Ga hayaƙi kuma. Mace ta shiga madafi marar taga, itacen ɗanye ne, tana hura wuta hawaye suna zuba, daga baya kuma jariri yana goye a bayanta yana shaƙa tare da ita. Hayaƙin nan yana cikin abubuwan da suke sa a haifi yaro ƙarami, yana kuwa kawo wa jarirai ciwon haƙarƙari. A fitar da murhu fili, a nemi busasshen itace, a ba wani riƙon jariri har a sauke tukunya.

To, Allah ya sauke ta lafiya. Nan al'adarmu ta yi kyau ƙwarai, ban san wadda ta fi ta ba: mai jego ta huta kwana arba'in, uwa ko gwaggo ta zo ta karɓi tukunya, a yi mata ƙauri, a daka yaji, a ba ta romo da gasasshen nama. Amma ku lura da abin da yakan faru. Kwana bakwai nama har ya gundure ta, ranar suna a yanka rago baƙi su cinye, bayan arba'in kuwa ta koma gindin tukunya, alhali yanzu ne yaron yake ƙara jan nono, zai kuwa ja har shekara biyu. Da an rage buhun shinkafar suna ɗaya an mai da kuɗinsa wake da kifi na wata uku, da ya fi mata.

Kunun kanwa fa? A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta labarin mata masu yawa da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa. Suka lura matan suna shan kunu mai kanwa da yawa, suna wankan tafasasshen ruwa, suna kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, takan tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ba kanwa kaɗai ke da laifi ba. Rashin abinci mai kyau da hawan jini na lokacin ciki suna da hannu. Duk da haka, zuciyar da ta gaji ba a ɗora mata kaya. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu yake iya jurewa. In ƙafafunta suka kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a zaune saboda numfashi, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A ɗauke ta zuwa gidan likita ran nan.

Jariri kuwa abincinsa ɗaya ne. A sa shi a nono cikin sa'ar fari. Dakashi, ruwan nan mai kauri mai rawaya da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na fari; kada a zubar. Har wata 6 nono kaɗai, ko ruwa ba ya bukata, ko cikin zafin bazara, gama mafi yawan nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa. Zuma kuwa sai ya cika shekara. Bayan wata 6 a fara kunu mai kauri, da gyaɗa ko garin wake da ɗan mai a ciki, nono yana nan bai tsaya ba.

Na tuna da ku samari da kuke zaune a birni, ɗaki ɗaya na haya, uwa tana ƙauye, gwaggo ta yi mako biyu ta koma gona. Matarka ba ta yi barci ba, yaro yana kuka, rana ta yi tsaka ba a hura wuta ba. Kada ka shigo ka tambayi ina abinci. Kai da ka iya dafa shayi hawa uku a majalisa, ka iya dafa ƙwai, ka iya ɗora wake. In kunya ta hana ka, ɗauki kwano mai murfi daga gida, ka tafi wurin mai abinci sa'anda take sauke tukunyar fari, ka kawo da zafinsa. Dala 100 da ka saba ajiye wa mai tsire, ka ajiye masa kamar kullum, amma ka ce ya gasa sosai ya naɗe maka. Ka kai gida, ka karɓi yaron, ka bar ta ta ci da hannu biyu tun bai huce ba.