Sankarar furostat: a fiɗe, a gasa, ko a sa ido?

Daga Dakoro nake magana. Hirar yau ta dattawa ce, amma iyayenmu mata kada su tashi, don jinya a kansu take faɗawa.

Ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata ƴar tsoka da ta kewaye hanyar fitsari, likitoci suna ce mata furostat. In shekaru sun ja takan kumbura, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Galibi kumburi ne kawai. Wani sa'in kuwa sankara ce, kuma da fari ba ta yin zafi, sai awon jini mai suna PSA da gwajin likita ke nuna alamarta.

To, in an same ta tun ba ta fita daga tsokar ba, me za a yi? A Birtaniya, daga 1999 zuwa 2009, an ɗauki maza 1,643 masu wannan ciwo aka kasa su uku. Waɗansu aka yi masu fiɗa, waɗansu aka gasa wurin da hasken na'ura, sauran aka sa masu ido da awon jini a kai a kai. A 2023 aka bayyana sakamakon shekara 15. Kowane kashi aka duba, mutum kamar 3 cikin 100 ne ciwon ya kashe. Sai dai wajen waɗanda aka sa wa ido, ya bazu a jikin 9 cikin 100. Wajen sauran, kamar 5. Magani kuma da nasa wahala: fiɗa takan bar yoyon fitsari da raunin mazakuta, gashi yakan taɓa hanji.

Amma a lura. Mutanen nan da wuri aka gano nasu, mu kuwa kunya kan riƙe dattijo gida har ciwo ya kai ƙashi. Sa ido ɗin ma ba zama a bukka ba ne, komawa awo ne bisa ranar da likita ya rubuta, kuma yawancinsu daga baya sai da aka yi masu fiɗa ko gashi. Daga nan zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100. Gashi kuwa sai Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta soma shi a 2021.

Malaman ajin manya, gobe ku rubuta kwanan wata a allo, kowane ɗalibi ya nemo irinsa a takardar asibitinsa ya karanta.