Iyakar Ikon Kotu Wajen Soke Ƙara: Misali Daga Ƙasar Indiya



Maganar da zan yi muku yau ta wata ƙasa ce mai nisa, watau Indiya, amma shari'arta ba baƙuwa ba ce gare mu. Dokar Laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, an tsara ta bisa ta Sudan, ita kuwa ta Sudan daga ta Indiya ta 1860 aka samo ta. Har takardar nan da ɗan sanda yake rubutawa in an kawo masa ƙara, wadda ake kira Rahoton Farko, daga can asalinta yake. Abin da za mu duba shi ne: yaushe kotu take da ikon soke wannan takarda tun ba a gama bincike ba, musamman in rai ya salwanta?

Da farko sai mu san al'adar. A wurinmu miji ke ba da sadaki. A wurare da yawa na Indiya kuwa iyayen amarya ke ba ango da danginsa dukiya, kuɗi ko zinariya ko mota, suna ce da ita dahej. Ta ɗan yi kama da gara, sai dai ita nemanta ake yi, wani lokaci har bayan an tare. In iyaye suka gaza, sai a juya kan yarinya da zagi da duka, har ta kai ga an ƙone ta, ko ta kashe kanta.

Gwamnatinsu ta hana bayarwa da karɓar dahej tun 1961, amma abin bai tsaya ba. A 1983 aka sa hukunci kan musguna wa matar aure. A 1986 kuma aka ƙara sashe na 304B. Sashen ya ce in mace ta mutu cikin shekara 7 da aurenta, ta hanyar ƙuna ko rauni ko wani hali da ba a saba gani ba, aka kuma nuna cewa gab da mutuwarta miji ko danginsa sun matsa mata saboda dahej, to, su ake ɗauka sun jawo mutuwar, sai in sun kawo hujjar da za ta wanke su. Hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, yana iya kai ɗaurin rai da rai. Daga 1 ga Yuli 2024 sabuwar dokar laifuffuka ta maye gurbin tsohuwar, laifin ya koma sashe na 80. Duk da haka, lissafin Gwamnati ya nuna mace fiye da 6,000 sun mutu haka a 2022.

To, wanda aka kai ƙararsa yakan garzaya Babbar Kotun jiha ya roƙi a soke Rahoton Farko. Kotun tana da wannan iko bisa sashe na 482 na tsohuwar dokar tafiyar da shari'a, wanda ya zama sashe na 528 a sabuwar. An ba ta ikon ne domin kada a mai da shari'a sandar dukan abokin gaba. Amma Kotun Ƙoli ta kafa masa iyaka uku.

Iyaka ta farko ta fito a shari'ar Bhajan Lal, tsohon shugaban gwamnatin jihar Haryana, a 1990. Kotun ta lissafa hali 7 da za a iya soke ƙara a cikinsu. Daga ciki akwai: in an gaskata duk abin da ke takardar, amma ba a ga laifi a ciki ba, ko zargin ya zama abin da hankali ba zai ɗauka ba, ko wata doka ta hana shari'ar, ko ya bayyana ƙiyayya ce kurum ta sa aka kawo ƙarar. Ta kuma yi gargaɗi kada a taɓa wannan iko sai da kyar.

Iyaka ta biyu, ba a auna shaida a wannan mataki. Sau da yawa miji yakan ce ba ya gida ranar, ko ya ce matar ciwo gare ta. Wataƙila gaskiya ne, amma wurin faɗarsa gaban alƙalin da zai saurari shaidun kowane ɓangare. A 2021, cikin shari'ar kamfanin Neeharika, Kotun Ƙoli ta nanata cewa bincike haƙƙin 'yan sanda ne, Rahoton Farko kuwa ba a sa ran ya ƙunshi kome da kome, gama shi mafari ne.

Iyaka ta uku ita ce ta sulhu, ita na fi so ku riƙe. A 2003 Kotun Ƙoli ta yarda a soke ƙarar musgunawa in miji da mata sun shirya. Amma a 2012, cikin shari'ar Gian Singh, ta bayyana cewa manyan laifuffuka irin su kisa da fyaɗe ba sa sokuwa don dangi sun daidaita, domin laifi ne ga jama'a duka. Bisa wannan kotuna sukan ƙi soke ƙarar mutuwar dahej ko da iyayen yarinya sun janye. Dalilin a fili yake. Mai haƙƙin tana kabari, ba ta sa hannu a takardar sulhu ba. Uban da ya yafe kuwa, wa ya san ko kuɗi ya karɓa, ko tsoro ya ji?

Kada ku zaci an rufe wa wanda aka yi wa ƙage ƙofa. Akan sami mai ƙara ya jero sunayen dangin miji kaf, har da waɗanda ke wani gari. A 2022, cikin wata ƙarar musgunawa daga jihar Bihar, Kotun Ƙoli ta fid da dangin miji domin ba a faɗi abin da kowannensu ya aikata ba. Zargin jimla ba ya isa a ja mutum kotu.

Ranku ya daɗe, sulhu aikinku ne tun kaka da kakanni, yawancin rigimar aure kuwa a zaurenku take mutuwa. Amma in amarya ta mutu a ɗakinta cikin halin da ya jawo shakka, kada nauyin babban gida ya sa a rufe maganar da sunan rufin asiri. A sanar da 'yan sanda nan da nan, likita ya duba, a bar wa kotu hukunci.

Ku kuma malamai, ku rubuta ƙara yadda aka faɗa, da rana, da wuri, da abin da aka ce kowane mutum ya yi, ba ƙari ba ragi. Takarda mai kyau ita ke hana mai laifi kuɓuta, ita ce kuma ke fid da marar laifi.