Waya Ma Shaida Ce: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Mai girma Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka sha wahalarmu, da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya. An umurce ni in yi magana a kan ilmin tono hujja daga waya da kwamfuta, wato sana'ar da nake cin abinci da ita.

A da, in aka cuci manomi a kasuwar Gezawa, dillali da masu awo su ne shaidunsa. Yanzu kuwa sai mutum ya sayar da buhun gero goma, a turo masa saƙon banki na jabu, a loda kaya a tafi. Shaidarsa tana cikin waya, amma kafin a je ofishin 'yan sanda an goge saƙon don fushi, ko an kai wayar Farm Centre an wanke ta. Shi ke nan, magana ta mutu.

Ko an adana hujjar ma, da sauran aiki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da aka fitar daga kwamfuta, amma sai an nuna na'urar lafiyarta ƙalau, an kuma bayyana yadda aka fitar da shi. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. To, in manyan lauyoyi sun yi tuntuɓe a nan, ina ga talaka?

Saboda haka horon nan hawa uku ne. Jama'a su san kada a goge komai, kuma kowa ya danna *#06# ya rubuta lambar wayarsa mai alƙaluma 15 ya ajiye. Ɗan sandan da ya fara karɓar waya ya san yadda zai katse ta daga layi, ya rubuta duk hannun da ta bi. Sannan a sami ƙwararrun da za su kwafi abin da ke ciki ba tare da sun canza ko harafi ɗaya ba, su kuma tsaya gaban alƙali su yi bayani.

'Yan'uwa, an kafa dokar laifuffukan intanet tun 2015, amma doka ba ta aiki da kanta. Ga Jami'ar Bayero, ga Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, duk a jiharmu. Sai dai yaron da bai taɓa kwamfuta a sakandare ba, da wuya ya kai can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona ga ƙungiya shi ne mu haɗa kuɗi mu sa wa makarantarmu kwamfutoci da fitilar sola, mu kuma ɗauki nauyin ɗalibai biyu, mace da namiji, su karanci wannan fanni.