Jawabi a Bikin Yaye Ma'aikatan da Suka Kammala Horo kan Daidaito a Wurin Aiki



Mai girma shugaban taro, iyayen ƙasa, shugabannin sassa, malaman da suka ba da horo, 'yan jarida, da masu bikin kansu, wato ma'aikatan da ake yayewa yau: barka da wannan rana, kuma sannu da ƙoƙari.

A ranar 29 ga Mayu, 2018, kamfanin Starbucks mai sayar da gahawa ya rufe shagunansa sama da 8,000 a Amurka da rana tsaka, ya zaunar da ma'aikata kimanin 175,000 suna ɗaukar darasi kan wariyar launin fata. Abin da ya jawo haka ya faru ne a watan Afrilu a birnin Filadelfiya, inda manajar wani shago ta kira 'yan sanda suka kama wasu baƙaƙen fata biyu. Laifinsu? Sun zauna suna jiran abokin hulɗarsu ba su sayi komai ba. Duniya ta yi ca, kamfani ya ba da haƙuri, aka yi horon sa'o'i huɗu, kowa ya koma bakin aikinsa.

Ko irin wannan zama yana gyara wurin aiki? Frank Dobbin na Jami'ar Harvard da Alexandra Kalev ta Jami'ar Tel Aviv sun bi diddigin kamfanonin Amurka fiye da 800 na tsawon kusan shekara 30, suka fitar da sakamako a 2016. Abin da suka gani ba mai daɗin ji ba ne ga masu shirya bita. A kamfanonin da aka tilasta wa manajoji halartar horo, bayan shekara biyar mata baƙaƙen fata da ke riƙe da muƙamai sun ma ragu da kimanin kashi 9 cikin 100. Inda aka ga ci gaba shi ne inda aka haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba yana yi masa jagora, ko aka kafa kwamiti mai duba alƙaluman ɗaukar aiki da ƙarin girma, kuma ana sane da wanda za a tambaya idan abu bai motsa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka takardar shaidar da za a raba yau tana ɗauke da aikin da ke jiran mai ita a ofis, kuma dokar Najeriya ta riga ta zayyana shi. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta yanke tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna musu wariya, shi kuwa mutum ɗaya naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta kuma bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya shiga sakatariya ko asibiti ko banki a kwanakin nan ya san benaye nawa ne har yanzu sai an ciccibi mai keken guragu kafin ya kai teburin da fayil ɗinsa yake.

Masu cewa ba a samun ƙwararru a cikinsu su tuna da Rio a 2016. Tawagar Najeriya ta Olamfik ta dawo da tagulla ɗaya tal. Ta nakasassu ta dawo da lambobi 12, takwas daga ciki zinariya. Tun kafin wannan zamani ma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, yana jan salla a Madina idan zai yi tafiya.

Sauran fannonin ma a rubuce suke. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabila, jinsi, addini ko garin da ya fito. Dokar Ƙwadago ta bai wa mai jego hutun mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa idan ta dawo. Mata da yawa ba su san da wannan rabin sa'a ba, wasu shugabannin kuma sun sani suna kawar da kai.

To, me ake jira daga waɗanda aka yaye? Mai kula da ɗaukar ma'aikata ya fitar da sanarwar aiki ta yadda makaho zai iya sauraronta a waya, kuma idan kurma ya zo intabiyu a nemo masa mai fassara maganar hannu maimakon a sallame shi da murmushi. Mai tsara jadawali ya daina sa taro a lokacin Juma'a ko safiyar Lahadi. Akanta ya buɗe takardar albashi ya duba ko mace da namiji masu mataki ɗaya suna karɓar abu ɗaya. Shi kuma shugaban sashe ya ɗauki sabon ma'aikaci guda, wanda ba ɗan garinsu ba, ya koya masa aiki har ya kai ga ƙarin girma.

Ana roƙon hukumar gudanarwa ta sa rana, nan da wata shida, da waɗannan ma'aikata za su dawo zauren nan da alƙaluma a hannu: mutum nawa aka ɗauka, su waye suka samu ƙarin girma, ƙofa nawa aka gyara.

Yanzu sai a kira sunaye a miƙa takardu. Allah Ya sanya albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.