Jawabin Shugabar Mata: Kada mu jira sai ido ya yi ɗorawa



Yau ba maganar taro ta kawo ni ba. Satin da ya wuce muka je ta'aziyyar maigidan wata 'yar'uwarmu. Shekarun baya da ya je ba da jini aka gaya masa yana da ciwon hanta nau'in B. Ya ce shi lafiyarsa lau, bai sake komawa ba. Da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ko da aka kai shi asibiti, kansa ta riga ta cinye hantar. Allah Ya jiƙansa.

Jama'a, kansar hanta ba ta sallama. Kafin mutum ya ji ciwo, galibi ta yi nisa. Shi ya sa likitoci suke nemanta tun ana jin garau.

Su wa ya kamata a riƙa dubawa? Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, musamman in an taɓa yin kansar hanta a danginsu, da wanda hantarsa ta yi tabo ta ƙanƙance, ko nau'in C ne ya jawo ko wani dalilin.

Yaya ake dubawa? Hoton ciki, irin sikanin da ake mana lokacin goyon ciki, sai gwajin jini mai suna AFP. Duk wata 6, ba sau ɗaya a bari ba. In an ga wani abu, sai a tura mutum babban hoto, CT ko MRI. Ƙari in yana ƙarami ana iya yanke shi ko a ƙone shi.

Wadda ba ta san matsayinta ba, ta fara da gwajin ciwon hanta, ita da maigida da yara. Jariri kuma a yi masa rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa. Gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a zubar, gubarsu hanta take ci.

Shugabannin mata na mazaɓu, don Allah ku karanta wa waɗanda ba su da waya. Wadda maigidanta ke da ciwon nan, ki rubuta masa ranar komawa asibiti, ki lallaɓa shi ya je.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.